KAKAR 1966: GASAR DA TA HAƊA WAƊANDA SIYASA TA RABA

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya, mu leƙa tsibiran Karibiyan, inda Turawan Ingila suka kai bayi daga Afirka don noman rake, suka kuma bar musu wasan kurket. Shi wannan wasa, wani ne ke jefo ƙwallo wani ya make ta da faffaɗan katako ya ruga neman maki, kuma babban wasa guda kan ci kwana huɗu ana fafatawa.

A 1958 tsibiran suka dunƙule a matsayin tarayya ɗaya, da burin karɓar 'yanci tare. Ba a je ko'ina ba rigima ta ɓarke. A 1961 mutanen Jamaika suka kaɗa ƙuri'ar ficewa, a 1962 tarayyar ta watse, kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage musu na haɗin gwiwa bai taka kara ya karya ba, sai jami'a ɗaya da tawagar kurket ɗaya mai suna West Indies.

To amma ta yaya za a zaɓo 'yan tawaga daga ƙasashen da ba sa karawa da juna a kai a kai? Tsohuwar gasarsu ta tsaya tun 1939, ita ma ƙasashe uku kawai ta ƙunsa, domin Jamaika ta yi nisa a jirgin ruwa. Wannan ne ya sa aka kafa gasar Shell Shield da kuɗin kamfanin mai na Shell, aka buga kakar farko a farkon 1966. Ƙungiyoyi biyar suka shiga: Barbados, Jamaika, Tirinidad da Tobago, Giyana wadda ko tarayyar ba ta shiga ba, sai ƙananan tsibiran Leeward da Windward da suka haɗa ƙungiya ɗaya.

Barbados ce ta lashe garkuwar, tsibirin da faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 430 ba. Lallai ƙaramin goro ya fi babban dutse. Kyaftin ɗinsu Garfield Sobers ne, ga Conrad Hunte da Seymour Nurse wajen bugu, ga Wes Hall da Charlie Griffith masu jifa kamar aradu. Giyana ma tana da Rohan Kanhai da Lance Gibbs, amma ba su iya tare su ba.

Amfanin gasar bai jima ba ya bayyana. A tsakiyar shekarar Sobers ya ja waɗannan abokan hamayya zuwa Ingila a tawaga ɗaya, suka doke tsohuwar uwar gijiyarsu da wasa 3 da 1, shi kaɗai ya tara maki 722. A watan Mayu Giyana ta sami 'yanci, Barbados kuma ranar 30 ga Nuwamba, kowacce da tutarta daban.

Shell ya janye a 1987, sunan gasar ya sauya sau da dama, amma har yau ana buga ta. Ita kuwa tarayyar 'yan siyasa, tun da ta watse ba ta sake haɗuwa ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya yarda.