Babban Gwani, Maginin Zazzau

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya yi makaranta a Zariya ya san tsohon masallacin Juma'a na ƙofar fada, amma ba kowa ya san wanda ya gina shi ba. Shi ne Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shugaban maginan Zazzau. Ya yi wannan aiki a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Babu siminti, babu ƙarfe, tubali ne kawai da azara. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazara ta yi yawa, sai ya riƙa jera ta hawa-hawa cikin laka, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Bisa waɗannan bakuna ya ɗora tulluwa. A ganina, injiniyoyinmu masu digiri ba su fi shi lissafi ba. Har yau akwai unguwa mai sunansa a cikin birni.

Ran Juma'a, 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan Babban Gwani, amin. Wanda ke son ganin fasalin ginin kamar yadda yake a da, sai ya nufi gidan tarihi na Jos, inda aka gina kwaikwayonsa.