Maliyo Games: Tarihin kamfanin da ya shigar da rayuwar Najeriya cikin wasannin waya

Maliyo Games kamfani ne mai ƙirƙirar wasannin bidiyo na wayar salula, wanda ke da mazauni a Legas. Hugo Obi ne ya jagoranci kafa shi a shekarar 2012, bayan ya dawo gida daga Birtaniya inda ya yi karatu. Sunan kamfanin ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin ya zo daidai da sunan wata tsohuwar waƙar wasan yara.

A lokacin da aka kafa shi, kusan duk wasannin da matasan Najeriya ke bugawa daga Amurka, Turai ko Japan suke fitowa, da jarumansu da titunansu da labaransu. Manufar kamfanin ita ce mai wasa ya ga unguwarsu da abin da ya saba da shi a fuskar na'urarsa.

Wasannin farko

Kamfanin ya fara ne da ƙananan wasanni da ake bugawa a shafin intanet. Daga ciki akwai Mosquito Smasher, inda mai wasa ke kashe sauro, da Okada Ride, inda yake tuƙa babur a matsayin ɗan acaɓa yana kauce wa ramuka da cunkoson motoci. Wannan wasa ya zo a kan gaɓa, domin a 2012 ne gwamnatin Legas ta kafa dokar da ta hana 'yan acaɓa bin manyan hanyoyin birnin.

Da wayoyin Android suka yi arha suka bazu, sai kamfanin ya karkata gare su, domin yawancin 'yan Najeriya ta waya suke shiga intanet, ba ta kwamfuta ba. A wannan mataki ne ya fitar da Aboki Run, wasan gudu da tsallake shinge, sannan Whot King, wanda ya mayar da kartar Whot cikin waya. Ita wannan karta a Ingila aka ƙirƙiro ta a shekarun 1930, amma a Najeriya ta samu gindin zama.

Matsalar kuɗi da ƙwararru

Kamar takwarorinsa na wancan zamani, irin su Kuluya da Gamsole da ChopUp, Maliyo ya tarar cewa fitar da wasa daban, samun riba daga gare shi daban. Akasarin wasannin waya kyauta ake sauke su, kuɗin shiga kuwa daga talla yake zuwa ko daga 'yan abubuwan da mai wasa ke saya a ciki. A Najeriya ladan talla bai taka kara ya karya ba, biyan kuɗi da katin banki a manyan rumbunan manhaja yana da wahala, ga tsadar data da ƙarancin wutar lantarki.

Matsala ta biyu ita ce ƙarancin ma'aikata. Wasa guda yana buƙatar mai rubuta manhaja, mai zane, mai motsa hotuna, mai haɗa sauti da mai tsara ƙa'idojin wasan, kuma samun waɗannan ƙwararru a cikin gida ya yi wuya.

Sauya akala zuwa horarwa

A 2021 kamfanin ya ƙaddamar da shirin GameUp Africa tare da tallafin Google. Shiri ne na horar da matasa ta intanet na tsawon watanni, inda suke koyon gina wasa da manhajar Unity. Kamfanin ya riƙa ɗaukar wasu daga cikin waɗanda suka kammala aiki, wato ya koma noma ma'aikatan da ya rasa a kasuwa.

An ga amfanin hakan a watan Fabrairun 2024, lokacin da aka fitar da Disney Iwájú: Rising Chef, wasan girki da Maliyo ya gina tare da haɗin gwiwar kamfanin Disney. Wasan ya biyo bayan Iwájú ne, fim ɗin zane mai kashi shida da Disney ya shirya da kamfanin Kugali, wanda ya hasko Legas ta nan gaba. A cikinsa mai wasa yana dafa abincin gida, kamar dafa-duka da fanke, yana sallamar masu saye.

Abin da ya shafi Arewa

Har yanzu Legas ce cibiyar wannan sana'a a Najeriya, amma kayan gininta suna nan a wasu biranen. Jos, alal misali, tana da tsohuwar alaƙa da harkar nishaɗi tun zamanin Silimar Kwararafa. A nan ne Hukumar Fina-finai ta Najeriya da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa suke, kuma tun 2015 cibiyar nHub ke koyar da matasa rubuta manhaja. Tunda horon GameUp ta intanet ake yin sa, nisa da Legas ba ya hana mai kwamfuta da data nema.

Albarkatun labari ma ba su yi ƙaranci ba: ga dara da langa da dambe, ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi. Tarihin Maliyo ya nuna cewa irin wannan gado ba ya zama wasa sai an samu hannun da ya iya gina shi, da hanyar da mai wasa zai biya.