Gidan lungu

Gidan lungu, wanda ake kira laneway house da Turanci, ƙaramin gida ne mai zaman kansa da ake ginawa a bayan babban gida, a fili ɗaya, ƙofarsa na fuskantar lungun da ya ratsa ta bayan gidajen unguwa. Yana da ɗakin kwana, kicin da banɗaki nasa. An fi saninsa a ƙasar Kanada, musamman biranen Vancouver da Toronto, inda tsadar gidaje ta sa hukumomi suka ba da izinin gina shi a wurin da a da gareji ne.

Tarihi

Tsofaffin unguwannin waɗannan birane an shata su ne da lunguna a bayan gidaje, domin shigo da kaya, kwashe shara da ajiye dawaki da kekunansu. Da motoci suka zo, sai garejoji suka maye gurbin bargar dawaki. Irin haka ta faru a Landan, inda aka mayar da bargogin bayan gidajen attajirai wuraren zama a ƙarni na 20.

A Toronto, masu zanen gine-gine Brigitte Shim da Howard Sutcliffe sun gina wa kansu gida a wani lungu a shekarar 1993, ginin da ya ja hankalin masana. Sai dai a lokacin, neman izini yana da wuya, domin kowane gida sai an duba shi shi kaɗai. Birnin Vancouver ne ya sauya lamarin a shekarar 2009, lokacin da majalisarsa ta halatta gidajen lungu a yawancin unguwannin da aka keɓe wa gidajen iyali ɗaya. Toronto ta bi sahu a 2018 a wani sashe na birnin, sannan ta faɗaɗa dokar zuwa dukkan birnin a 2019.

Tsarawa

Babban abin da ke tafiyar da zanen shi ne ƙarancin wuri. Filin gida da aka saba gani a Vancouver yana da faɗin ƙafa 33 da tsawon ƙafa 122, wato kimanin mita 10 da mita 37, kuma babban gida ya riga ya cinye gabansa. Saboda haka mai zane yakan haɗa falo da kicin wuri guda, ya sa ɗakin kwana a bene, ya yi ma'ajiya a ƙarƙashin matakala.

Dokar da Toronto ta kafa a 2018 ta taƙaita ginin ga hawa biyu, tsayinsa kada ya wuce mita 6. Ta kuma wajabta tazarar mita 5 tsakaninsa da babban gida idan gajere ne, ko mita 7.5 idan ya fi mita 4 tsayi. Manufar ita ce a bar tsakar gida ta samu rana, a kuma kare sirrin maƙwabta. Don haka ne ake yawan sa manyan tagogi ta ɓangaren lungu, a ƙanƙanta waɗanda ke kallon gidajen maƙwabta.

Gini

Kafin a kafa harsashi, dole mai fili ya nuna cewa 'yan kwana-kwana za su iya isa gidan daga babban titi, domin motarsu ba ta shiga yawancin lunguna. Filaye da dama sun kasa samun izini saboda wannan sharaɗi kaɗai.

Ruwan famfo da magudanar ƙazanta galibi daga titin gaba ake jawo su, a haƙa rami ta gefen babban gida har zuwa baya. Wannan aiki, da na harsashin da dole ya nutse ƙasa da inda sanyin hunturu ke daskarar da ƙasa, su ne ke sa kowace murabba'in mita ta gidan lungu ta yi tsada duk da ƙanƙantarsa. Yawanci da katako ake ginin. Wasu kamfanoni kan ƙera sassan a masana'anta, sannan a kawo a harhaɗa, saboda ƙuncin lungu ba ya barin manyan injina su daɗe suna aiki.

Amfani da matsaloli

A biranen biyu, asalin dokar ba ta yarda a raba gidan lungu daga babban gida a sayar da shi daban ba. Mai shi kan ba da shi haya, ko ya zaunar da iyayensa da suka manyanta, ko 'ya'yan da ba su da halin sayen gida. Masu goyon baya na cewa yana ƙara mazauna a unguwa ba tare da an rushe gidajenta ba, kuma yana rayar da lungunan da suka zama kufai da dare.

Masu suka kuwa na kuka da sare itatuwa, inuwar da benen ke yi wa lambun maƙwabci, da ƙarancin wurin ajiye mota. Wasu kuma na ganin wanda ya riga ya mallaki fili ne kaɗai ke cin gajiyarsa, don haka ba zai isa ya warware matsalar tsadar gidaje ba.