Gasar zari-ruga ta duniya: Me 'yan Afirka ta Kudu ke tsammani daga Springboks?

Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya na wasan zari-ruga a karo na huɗu ranar 28 ga watan Oktoban 2023, bayan da ta doke New Zealand da ci 12 da 11 a filin wasa na Stade de France da ke kusa da birnin Paris.

Babu wata ƙasa da ta ɗauki kofin sau huɗu in ban da ita.

An tsara yin gasa ta gaba a Ostireliya a shekarar 2027, kuma burin magoya bayan ƙungiyar ƙasar, wadda ake yi wa laƙabi da Springboks, shi ne ta ci kofin karo na uku a jere, abin da ba a taɓa yi ba a gasar maza.

To sai dai a Afirka ta Kudu ba kofi kaɗai ake nema daga 'yan wasan ba. Tun bayan kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata a 1994 ake ɗora wa ƙungiyar nauyi biyu: ta yi nasara a fili, kuma duk wanda ya dubi 'yan wasanta ya ga al'ummar ƙasar baki ɗaya.

Yadda wasan yake

Kowane ɓangare na da 'yan wasa 15, kuma ana shafe minti 80 ana fafatawa, da hutun rabin lokaci a tsakani. Ƙwallon na da siffar ƙwai. Ɗan wasa na iya rungumar ta ya ruga, ko ya buga ta gaba da ƙafa, amma idan da hannu zai miƙa wa abokinsa, ba a yarda ya jefa ta gaba ba.

Wanda ya kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya ya dire ta a ƙasa ya samu maki 5, sannan a ba ƙungiyarsa damar bugun da ke kawo ƙarin maki 2. Bugun fanareti da ya ratsa tsakanin turakun biyu na kawo maki 3.

An fara gasar cin kofin duniya a 1987, kuma ana yin ta duk bayan shekara huɗu. Ƙasashe huɗu ne kacal suka taɓa cin kofin, wanda ake kira Webb Ellis: Afirka ta Kudu sau huɗu, New Zealand sau uku, Ostireliya sau biyu, sai Ingila sau ɗaya a 2003.

Zamanin wariya

Springbok sunan wata barewa ce da ake samu a kudancin Afirka, kuma hotonta ne a kan koriyar rigar ƙungiyar.

A zamanin wariya tsirarun fararen fata, musamman 'yan Afrikaner, sun ɗauki zari-ruga a matsayin abin alfaharinsu. Baƙaƙen fata a Gabashin Cape, da al'ummar Musulmi na birnin Cape Town, sun daɗe suna wannan wasa, amma a ƙungiyoyinsu na daban, kuma ƙofar shiga ƙungiyar ƙasa a rufe take gare su. Sai a 1981 ne Errol Tobias ya zama wanda ba farar fata ba na farko da ya buga wa Springboks wasan ƙasa da ƙasa.

Saboda haka baƙaƙen fata da dama kan goyi bayan duk wata ƙungiya ta waje da ta zo karawa da Springboks.

Batun ya shafi sauran ƙasashen Afirka. A 1976, shekarar da aka yi boren ɗaliban Soweto, ƙungiyar New Zealand ta kai ziyarar wasa Afirka ta Kudu. Wannan ne ya sa ƙasashen Afirka fiye da 20, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Chadi da Sudan, suka ƙaurace wa wasannin Olamfik na birnin Montreal, bayan da aka ƙi korar New Zealand. A 1978 ma Najeriya ta ƙaurace wa wasannin ƙungiyar Kwamanwel a Edmonton a kan hulɗar wasanni tsakanin New Zealand da gwamnatin wariya.

Afirka ta Kudu ba ta shiga gasar duniya ta 1987 da ta 1991 ba. Ta koma wasannin ƙasa da ƙasa ne a 1992, kuma a wasanta na farko da New Zealand a filin Ellis Park na Johannesburg, 'yan kallo da dama suka ɗaga tsohuwar tuta, suka rera tsohon taken ƙasa, lamarin da ya harzuƙa jam'iyyar ANC.

Mandela da gasar 1995

Afirka ta Kudu ce ta karɓi baƙuncin gasar 1995, shekara ɗaya bayan zaɓen da ya kai Nelson Mandela ga shugabanci. Akwai waɗanda suka nemi a soke suna da tambarin Springbok, suna cewa alama ce ta zalunci. Mr Mandela ya ƙi amincewa, yana ganin wasan a matsayin hanyar kwantar da hankalin fararen fata.

Ba a sa ran ƙungiyar za ta iya da New Zealand ba, wadda ke da shahararren ɗan wasan nan Jonah Lomu. Amma ranar 24 ga watan Yuni, a Ellis Park, Springboks suka yi nasara da ci 15 da 12 bayan ƙarin lokaci, sakamakon bugun Joel Stransky.

Mr Mandela ya shiga fili sanye da koriyar riga mai lamba 6, irin ta kyaftin Francois Pienaar, ya miƙa masa kofin, yayin da 'yan kallo, waɗanda akasarinsu fararen fata ne, ke kiran sunansa. A kan wannan gasa ne aka shirya fim ɗin Invictus a 2009.

Daga wannan rana aka soma kallon Springboks a matsayin abin haɗa kan ƙasa. Amma ɗan wasa ɗaya ne tak a tawagar da ba farar fata ba, wato Chester Williams. Kuma a 1998 Mr Mandela da kansa ya bayyana a gaban kotu, bayan da shugaban hukumar zari-ruga ta ƙasar, Louis Luyt, ya ƙalubalanci kwamitin da gwamnati ta kafa domin binciken hukumar, ciki har da zargin nuna wariya.

Taƙaddama kan zaɓen 'yan wasa

Bisa ƙidayar jama'a ta 2022, baƙaƙen fata sun kai kimanin kashi 81 cikin 100 na al'ummar ƙasar, fararen fata kuwa kimanin kashi 7.

Lokacin da Afirka ta Kudu ta sake cin kofin a Faransa a 2007, inda ta doke Ingila da ci 15 da 6, biyu ne kawai daga cikin 'yan wasa 15 da suka fara wasan ƙarshe ba fararen fata ba: Bryan Habana da JP Pietersen. An yi murna, har 'yan wasa suka ɗaga Shugaba Thabo Mbeki a kafaɗa, amma ƙorafin bai kau ba.

Ra'ayin magoya baya ya rabu gida biyu. Wasu na cewa cancanta kaɗai ya kamata a duba, kuma ware wa wani jinsi gurbi zai raunana ƙungiyar. Wasu kuma na cewa ba za a yi maganar cancanta ba alhali 'yan tsirarun makarantu masu tsada ne ke da filaye da masu horarwa, yaran unguwannin talakawa kuwa ba su da su.

A watan Afrilun 2016 ministan wasanni na lokacin, Fikile Mbalula, ya haramta wa hukumar zari-ruga da wasu hukumomin wasanni neman karɓar baƙuncin manyan gasannin duniya, saboda gaza cika alƙawarin ƙara yawan baƙaƙen fata. An ɗage wa zari-ruga haramcin a 2017.

Idan aka sha kaye

Magoya bayan Springboks ba su cika yin haƙuri da rashin nasara ba, kuma mai horar da 'yan wasa ne yakan fara ɗanɗana kuɗarsa.

A 2003 New Zealand ta fitar da su a zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Daga baya hotuna suka fito na wani sansanin horo irin na soja inda aka wulaƙanta 'yan wasa kafin gasar, kuma mai horarwa Rudolf Straeuli ya yi murabus.

A 2011 Ostireliya ta cire su da ci 11 da 9, inda magoya baya suka ɗora laifi a kan alƙalin wasa.

Kayen da ya fi yi musu ciwo shi ne na ranar 19 ga watan Satumban 2015 a birnin Brighton na Ingila, lokacin da Japan, wadda kafin ranar wasa ɗaya tak ta taɓa ci a tarihin gasar, ta doke su da ci 34 da 32. Mai horarwa Heyneke Meyer ya nemi gafarar al'ummar ƙasar. Duk da cewa ƙungiyar ta farfaɗo ta zo ta uku, bai ci gaba da aikin ba.

Lamarin ya ƙara taɓarɓarewa bayan nan. Italiya ta doke su a karon farko a 2016, sannan a 2017 New Zealand ta lallasa su da ci 57 da nema.

Ba Afirka ta Kudu kaɗai ke fama da irin wannan matsin lamba ba. New Zealand, inda ake ɗaukar zari-ruga a matsayin wasan ƙasa, ta shafe shekara 24 tana jiran kofi na biyu, daga 1987 zuwa 2011. Bambancin shi ne, a Afirka ta Kudu ana auna ƙungiyar da sakamakon wasa da kuma tarihin wariya a lokaci guda.

Siya Kolisi da gasar 2019

A 2018 aka damƙa ƙungiyar a hannun Rassie Erasmus, wanda ya naɗa Siya Kolisi kyaftin. Shi ne baƙar fata na farko da ya jagoranci Springboks a wasan ƙasa da ƙasa.

An haifi Kolisi a 1991, ya kuma tashi a hannun kakarsa cikin talauci a unguwar Zwide da ke Port Elizabeth, birnin da yanzu ake kira Gqeberha. Tallafin karatu ne ya kai shi makarantar Grey, ɗaya daga cikin makarantun da suka yi fice a wasan.

A gasar 2019 a Japan, Afirka ta Kudu ta sha kashi a wasanta na farko a hannun New Zealand da ci 23 da 13. Daga nan ba ta sake faɗuwa ba, har ta doke Ingila da ci 32 da 12 a Yokohama ranar 2 ga watan Nuwamba. Ita ce ƙasa ta farko da ta ci kofin bayan ta sha kaye a wasannin rukuni.

Makazole Mapimpi, wanda ya fito daga wani ƙauye a Gabashin Cape, shi ne ɗan Afirka ta Kudu na farko da ya dire ƙwallo a wasan ƙarshe na gasar, sai Cheslin Kolbe ya biyo baya. Ga masu goyon bayan sauyi, wannan hujja ce cewa buɗe ƙofa ga kowa bai rage wa ƙungiyar ƙarfi ba.

Bayan wasan Mr Erasmus ya shaida wa 'yan jarida cewa a Afirka ta Kudu matsin lamba na gaskiya shi ne rashin aikin yi, ko kuma a kashe wa mutum ɗan uwa, don haka aikin 'yan wasa shi ne su bai wa jama'a fata.

Maki ɗaya sau uku

A Faransa a 2023, ƙarƙashin mai horarwa Jacques Nienaber, Ireland ta doke Springboks da ci 13 da 8 a rukuni. Daga nan suka ci wasanni uku a jere da ratar maki ɗaya tak: Faransa 29 da 28, Ingila 16 da 15, sai New Zealand 12 da 11. Handre Pollard ne ya ci dukan makin wasan ƙarshe da bugun fanareti huɗu.

Nasarar ta zo ne a shekarar da ƙasar ta yi fama da matsanancin ɗaukewar wutar lantarki, yayin da yawan marasa aikin yi ya haura kashi 30 cikin 100. Shugaba Cyril Ramaphosa ya ayyana ranar 15 ga watan Disamban shekarar a matsayin ranar hutu, kuma dubban jama'a sun yi dafifi a titunan Soweto da Cape Town da Durban domin ganin kofin.

Masu suka na cewa 'yan siyasa na fakewa ne da nasarar 'yan wasa, kuma murnar 'yan kwanaki ba ta sauya rayuwar talaka. Haka kuma akasarin wasannin ƙungiyar a tashar talabijin ta kuɗi ake nuna su, wadda gidaje da yawa ba su da halin biya.

Abin da ke gaba

Mr Erasmus ya koma kujerar babban mai horarwa a 2024. A watan Yulin wannan shekara Salmaan Moerat ya jagoranci ƙungiyar a wasanta da Portugal, inda ya zama Musulmi na farko da ya riƙe muƙamin kyaftin ɗin Springboks.

A gasar 2027 ƙasashe 24 ne za su fafata maimakon 20, kuma an ƙara zagayen ƙungiyoyi 16. Zimbabwe ta samu gurbi bayan da ta doke Namibiya a wasan ƙarshe na gasar Afirka a Kampala a 2025, kuma rabon ta da gasar duniya tun 1991.

Da yawa daga cikin 'yan wasan da suka ci kofi a 2019 da 2023 sun haura shekara 30, saboda haka babban aikin da ke gaban masu horarwa shi ne samar da magadansu. Magoya baya za su zuba ido su ga ko sababbin za su iya kare kofin, da kuma ko nawa ne daga cikinsu suka fito daga unguwanni irin Zwide.