Fashewar Hasken Gama ta 9 ga Oktoba 2022 a Sararin Karaye da Rogo: Hujja a kan Auna ta daga Ƙasa

Tsakure

Wannan maƙala tana tabbatar, ta hanyar hisabin falaki, cewa doguwar fashewar hasken gama mai lamba GRB 221009A ta riski duniya tana sama da ufuƙin Karaye da Rogo da daraja 29 zuwa 30, kuma cewa hanyar igiyar rediyo daga tsibirin Sisili zuwa yammacin Kano tana cikin haskenta daga farko har ƙarshe. A kan haka aka kafa hujjar cewa awon taurarin ɗan'adam, idan fashewa ta kai wannan girma, yana bukatar shaida daga ƙasa.

Muƙaddima

Ranar Lahadi 9 ga Oktoba 2022, cikin watan Rabi'ul Awwal na Hijira 1444, da ƙarfe 1:16 da daƙiƙa 59 agogon GMT, wato ƙarfe 2:17 na rana agogon Nijeriya, na'urar GBM da ke kan tauraron ɗan'adam Fermi ta ji bugun hasken gama daga ƙungiyar taurarin Kibiya, wanda daga baya aka gane cewa ya fito ne daga mutuwar wani babban tauraro, kuma ya yi tafiyar shekara kusan biliyan 1.9 kafin ya iso gare mu. Eric Burns da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2023 cewa irinsa ba ya zuwa sai sau ɗaya a cikin shekara dubu goma. Wasu marubuta suna ganin cewa auna irin wannan haske aikin taurarin ɗan'adam ne su kaɗai, domin iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi tun bai kai ƙasa ba. Na yarda da illar da suka kawo, amma ban yarda da hukuncin da suka gina a kanta ba, domin iskar da ta shanye hasken tana canzawa gwargwadon abin da ta sha, wannan canji kuwa ana iya karanta shi daga ƙasa.

Abin da magabata suka rubuta

Tarihin fannin sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Taurarin Vela na Amurka, waɗanda aka harba don gadin yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya ta 1963, su suka fara jin irin wannan bugu a 1967, Klebesadel da Strong da Olson suka bayyana shi a 1973. Na'urar BATSE ta tara fashewa 2,704 tsakanin 1991 da 2000, daga cikinsu ne Kouveliotou da abokanta suka fitar da ƙa'idar 1993, wadda ta kira duk fashewar da kashi 90 cikin ɗari na haskenta ya ɗauki fiye da daƙiƙa biyu yana isowa doguwa.

Inda saɓani yake shi ne a wajen abin da ya faru da na'urorin a wannan rana, wanda ake yawan ambatawa a gurguje, alhali shi ne tushen mas'alar. Tauraron Swift, wanda aikinsa shi ne ya nuna wurin fashewa cikin gaggawa, duniya ce ta kare masa ita a farkon al'amari, bai yi shela ba sai bayan minti 53, har aka fara zaton wani abu ne daga cikin gungun taurarinmu. Fermi kuwa, da ya gan ta tun daga somi, na'urorinsa goma sha huɗu sun cika sun tumbatsa daga wajen daƙiƙa ta 219 zuwa ta 277, wato daidai lokacin da hasken ya kai ƙololuwa, ƙwayoyin haske suna afkowa biyu-biyu uku-uku ana ƙidaya su a matsayin ɗaya, kamar mai awon da aka juye wa buhu a kan mudu, ya san hatsi ya yi yawa amma ba zai iya faɗin adadinsa ba. Tsawon daƙiƙa 289 da Lesage da abokansa suka ba fashewar, da jimillar ƙarfin da Frederiks da abokansa suka fitar daga na'urar Konus-Wind, duka sun biyo bayan gyara da ƙiyasi mai wahala. Kuma abin lura ne cewa ƙananan na'urori, irin su GECAM-C ta ƙasar Sin da ɗan ƙaramin tauraron nan GRBAlpha, su suka iya ƙidaya ƙololuwar ba tare da sun cika ba.

Shaidar ƙasa ba bidi'a ba ce a wannan ilmi. Fishman da Inan sun nuna a 1988 cewa fashewar 1 ga Agusta 1983 ta canza ƙarfin siginar rediyo da ke tafiya daga Rugby ta Ingila zuwa tashar Palmer a Antatika, haka kuma Laura Hayes da Peter Gallagher sun ba da rahoton irin wannan girgiza a sararin arewacin Turai a ranar da muke magana.

Hanyar bincike

An ɗauki matsayin fashewar a falaki kamar yadda aka wallafa shi, wato daraja 288.3 a zagaye da daraja 19.8 arewa, aka haɗa shi da lokacin taurari na wannan sa'a, aka yi amfani da hisabin kusurwoyi na ƙwallo, irin wanda malaman falaki suke fitar da alƙibla da lokutan salla da shi. An sa Karaye a daraja 11.8 arewa da 8.0 gabas, Rogo a 11.6 arewa da 7.8 gabas.

Sakamako

A daidai lokacin bugun, fashewar tana tsaye ne a kan wurin da ke daraja 19.8 arewa da 71 gabas, a Tekun Larabawa kusa da gaɓar yammacin Indiya. Daga Karaye tana gabas maso arewa, daraja 74 daga arewa, a tsayin daraja 29. Bayan minti huɗu, sa'ad da babban bugun ya zo, ta kai 30. A lokacin da Swift ya yi shela ta kai kusan 42. Bambancin Rogo da Karaye bai kai rabin daraja ba. Rana kuwa ta yi zawali da sa'a biyu, tana tsayin daraja 55.

Ma'anar daraja 29 ita ce hasken ya shigo a karkace da daraja 61 daga tsakar ka, saboda haka ya ratsa iskar da kaurinta ya ninka sau biyu, kuma kowane murabba'in mita na shimfiɗar sama ya sami rabin abin da takwaransa na gaɓar Indiya ya samu. Bisa nazariyyar da Sydney Chapman ya kafa a 1931, idan aka ɗauki ma'aunin raguwar iska a matsayin kilomita 7, wannan karkata tana ɗaga wurin da hasken ya fi wargaza ƙwayoyin iska da wajen kilomita 5 kawai. Rabi ba kaɗan ba ne ga fashewa irin wannan, domin a birnin Dublin, a ƙasar da aka yi aikin Hayes da Gallagher, hisabi guda ya ba da tsayin da bai wuce daraja 24 ba.

Sai dai abin da na fi ba muhimmanci ba tsayinta a kan garin ba ne, hanyar da sigina ke bi ce, domin igiyar rediyo mai dogon zango tana tafiya ne tsakanin doron ƙasa da ƙasan ayonosfiya, wanda da rana yake wajen kilomita 70, kuma duk abin da ya saukar da wannan rufi a ko'ina cikin hanyar yana bayyana a ƙarfin siginar da lokacin isowarta. Akwai tashar watsawa a Niscemi ta Sisili mai aiki a kan kilohaz 45.9, tsakaninta da Karaye kilomita kusan 2,900 ne, kuma idan aka ja layi mafi kusa tsakaninsu sai ya bi ta kan Tarabulus, ya gifta kusa da Gat, ya shafi gabashin Azbin, ya sauko ta Damagaram, wato kusan sawun da ayarin fatake suka bi ƙarnoni tsakanin Kano da Bahar Rum. A kan Niscemi fashewar tana tsayin daraja 38, a tsakiyar hanya kusa da Gat tana 35, a Karaye 29, saboda haka babu taku ɗaya na wannan hanya da yake cikin inuwar duniya, kuma bambancin tsayin daga farkonta zuwa ƙarshenta bai kai daraja goma ba. Wannan daidaito shi ne alherin hanyar da ta miƙe daga arewa zuwa kudu a gaban haske mai zuwa daga gabas, domin yana ba mai hisabi damar ɗaukar rufin a matsayin wanda ya sauka bai ɗaya, abin da hanyar gabas zuwa yamma ba ta bayarwa.

Wani zai ce, tun da layin maganaɗisun duniya na tsakiya yana ratsa arewacin Nijeriya ba nesa da waɗannan garuruwa ba, kuma kogin lantarkin nan da Cyril Onwumechili ya yi fice wajen nazarinsa tun daga Ibadan yana gudana a samansu da rana, me zai hana a dogara da na'urar auna maganaɗisu? Amsa ita ce wannan kogi yana tsayin kilomita 100 zuwa 110, inda iska ta yi siriri, hasken gama kuwa yana ƙetare wurin ya zubar da mafi yawan ƙarfinsa a can ƙasa. Na'urar maganaɗisu tana da amfani ga tartsatsin rana, amma a wannan mas'ala na'urar karɓar rediyo ce ta dace, kuma na'ura ce mai sauƙi, eriyar waya da aka naɗe a kan katako, da ƙaramar kwamfuta, irin tsarin SuperSID da Jami'ar Stanford ta yaɗa a makarantu, tare da agogon GPS. Guda biyu, ɗaya a Karaye ɗaya a Rogo, da tazarar da ba ta kai kilomita 50 ba, sun isa a rarrabe abin da ya sauko daga sama, wanda dole ya bayyana a dukkansu a daƙiƙa guda, da hayaniyar janareta ko wayar wuta, wadda ba ta wuce unguwarta.

Iyakokin binciken

Dole a yarda cewa wannan hisabi ne na matsayi, ba awo ba, kuma rana ta fi tsayi a kan Sahara, wajen daraja 45 a tsakiyar hanya, fiye da yadda take a arewacin Turai, don haka rufin ya riga ya yi nauyi, ƙarin da fashewar za ta yi masa zai fi wuyar gani. Yashin hamada yana raunana sigina fiye da ruwan teku, tsawar ƙarshen damina tana cika wannan zango da ƙara, ayonosfiya kuma ba ta faɗin launin hasken da ya buge ta sai an haɗa da abin da tauraro ya gani. Amma ƙorafin cewa irin wannan fashewa ba ta dawowa a rayuwar mutum ban karɓe shi ba, domin tartsatsin taurari masu ƙarfin maganaɗisu na 27 ga Agusta 1998 da na 27 ga Disamba 2004 duka sun girgiza ayonosfiya an kuma auna su ta wannan hanya, tartsatsin rana kuwa yana zuwa a kai a kai, da shi ake daidaita na'urar kafin ranar bukata.