Labarin Mashaƙo da Yadda Aka Samo Allurarta

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa ganin yaron da wuyansa ya kumbura, jikinsa da zafi, numfashi yana fita da ƙara? In aka buɗa bakinsa, sai a ga wata fata mai launin toka ta lulluɓe maƙogwaro. Wannan cuta ita ce mashaƙo. Likitoci suna ce mata difteri. Tari da atishawa ke kai ta daga wani zuwa wani.

Mashaƙo tsohuwar cuta ce. A shekarar 1613 ta kashe yara masu yawa a ƙasar Sipaniya, har mutanen can suka ce wa shekarar "shekarar shaƙewa". A lokacin babu wanda ya san mafarinta. A 1826 wani likita mai suna Bretonneau, a garin Tur na Faransa, ya bayyana kamanninta, ya raɗa mata sunan da likitoci ke kiran ta da shi. Ma'anar sunan ita ce fata, saboda fatar nan da ke toshe maƙogwaro.

A 1883 da 1884 wasu likitocin Jamus biyu, Klebs da Loeffler, suka gano ƙwayar cutar. Ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganin ta sai da madubin likita. A 1888 kuma, a Paris, Roux da Yersin suka gane ƙwayar tana zubar da dafi. Dafin yana bin jini, ya taɓa zuciya da jijiyoyi. Shi ya sa wani yaron yakan yi kamar ya samu sauƙi, bayan ƴan makonni zuciyarsa ta kasa.

To, ina makarin wannan dafi? Ka san inda aka same shi? A jinin doki! A 1890 wani Bajamushe, Behring, ya nuna cewa in aka sa wa dabba dafin kaɗan kaɗan, jininta yakan yi makarinsa. Sai Roux ya gwada da dawaki. Ya ɗebi jininsu, ya tace, ya yi wa yara marasa lafiya allura. A 1894 ya ba da labarin abin da ya gani a asibitin yara na Paris. Da, kusan rabin yaran da suka kamu mutuwa suke yi. Da aka soma ba su makarin, sai ya koma kamar ɗaya cikin huɗu. Har yau daga jinin doki ake samun wannan makari.

Amma makari na wanda ya riga ya kamu ne. Ana neman abin da zai hana kamuwa tun farko. A 1923 wani likitan dabbobi Bafaranshe, Gaston Ramon, ya haɗa dafin da wani magani mai suna formol, ya ɗumama shi. Dafin ya rasa ƙarfinsa. In aka sa wa yaro shi, ba ya cutar da shi, amma jikinsa ya san abokin gaba, ya yi shiri. Wannan ita ce allurar rigakafi. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura niyyar kai ta ga yaran kowace ƙasa.

Kada ka ce mashaƙo ta ƙare. Duk inda aka yi sakaci da allura, takan dawo. Bayan 1990 ta kama mutum fiye da 150,000 a Rasha da maƙwabtanta, dubbai suka mutu. A ƙarshen 2022 ta ɓulla a Kano. A 2023 ta kama mutane a jihar Damagaram, musamman wajen Matamai. Yawancin waɗanda suka kamu yara ne da ba a yi musu allura ba, ko ba a cika musu ba.

Saboda haka, maigida, ka bar uwargida ta kai jariri awo. Ana yin allurar sau uku: yana da sati 6, sati 10, da sati 14. Kyauta ce. Guda ɗaya ba ta isa ba, sai an cika ukun. In jikinsa ya ɗan yi zafi bayan allura, zai wuce. A adana takardar awo da kyau.

In kuwa ka ga yaro da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, kada a kira wanzami a ce beli ne. A raba shi da sauran yara, a kai shi gidan likita a ranar. Ka karanta wa maƙwabtanka wannan labari. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.