Yini Guda a Birnin Dabo

Akwai Kanawa da yawa da aka haifa a cikin ganuwa, suka yi aure suka hayayyafa, amma ƙafarsu ba ta taɓa taka saman Dutsen Dala ba. Sau da yawa baƙo ne yake sa ɗan gari ya ga garinsu. Da ƙanina ya zo da amaryarsa daga Jos, wadda ba ta san Kano ba sai a fim, yini ɗaya kacal suke da shi, don haka na ce mu fara daga inda garin ya fara.

Dala ana hawansa da sassafe ne, kafin rana ta buɗe. Daga sama za ka hango Goron Dutse ta yamma, da koren ƙubbar Masallacin Juma'a, da rufin kwano iya ganinka. A gindin dutsen nan maƙera suka zauna suna narka tama tun kafin a san wata sarauta, a nan kuma Barbushe yake hawa ya gana da Tsumburbura ya sauko wa mutanensa da labarin shekara. Tarihin Kano ya sa zuwan Bagauda a 999, jikansa Gijimasu kuma shi ya fara gina ganuwa. Amarya ta dudduba ta ce, "Yaya, to ina ganuwar?" Sai da na yi ta nuni da yatsa kafin ta gane ɗan abin da ya rage tsakanin gidaje da shaguna. Abin da ruwan sama bai cinye ba, masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye sun cinye.

Muka karya da waina da miyar taushe, muka tari adaidaita sahu zuwa Gidan Makama. Duk inda ka juya a wannan yanki, aikin mutum ɗaya kake gani: Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina fadar da sarakunan Kano suke zaune a ciki har yau, shi ya faɗaɗa ganuwa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, a zamaninsa ne kuma Shehu Maghili ya sauka a garin ya rubuta masa nasiha kan mulki. Gidan Makama yanzu gidan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci garin a 1903, lokacin da Sarki Alu yake can Sakkwato. Ango ya daɗe a gaban hotunan dalar gyaɗa. Ita kuwa hankalinta yana kan zanen bango da ɗaurin guga na soraye.

Inda na fi so baƙo ya ɓata lokacinsa shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Gidan tarihi yana nuna maka abin da aka daina, a nan kuwa sana'ar tana raye. Ramuka ne masu zurfi, a zuba ruwa da toka da baba a bar su su jiƙu kwanaki, sannan marini ya zauna a bakin ramin yana tsoma zane yana ɗagawa ya sha iska, yana sake tsomawa, har shuɗin ya kama yadda ake so. Wani dattijo, hannayensa sun rine har gwiwa, ya miƙa mata ƙyalle ya ce, "Amarya, tsoma da kanki." Daga nan sai mabuga, inda ake shimfiɗa zane a kan gungume a yi ta bugu da sanduna har ya yi sheƙi. Irin wannan tufa ce Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin ana kai ta har Tumbutu da Tarabulus. Yau yawancin ramukan a bushe suke, atamfar waje ta kashe musu kasuwa, samari kuma sun fi son aikin da ke kawo kuɗi a ranar.

Bayan azahar muka kutsa Kurmi. Lungunanta matsattsu ne, mutum biyu ba sa jerawa. Ga dukawa da jakunkuna da takalma, ga masu sirdi da linzami da sauran kayan doki, ga 'yan koli, ga jar kanwa da turaren wuta. A da, nan ayarin raƙuma yake sauke gishiri da hajar Larabawa, ya ɗauki fata da tufafi. Nan kuma aka sayar da bayi, abin da masu yi wa baƙi jagora ba su cika son ambata ba.

Alkamar da Larabawan suka saba wa garin da ita ta bar masa gurasa, wadda matan Jakara suke gasawa a tanderu. Muka sa aka yi mana bandashe: a yayyafa wa gurasar ruwa ta yi laushi, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa da tumatir. Amarya ta ce ita ba ta cin yaji, amma ita ta fara neman ƙari. Muka kora da fura da nono, da yamma kuma suka sayi kilishi a Agadasawa na tsaraba.

Ba su ga hawan salla ba, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Shi wannan yana da masu kula da shi. Ganuwa da marina su ne marayu, kuma mai son ya nuna wa iyalinsa su, gara kada ya jira baɗi.